Baƙon da Ba Ya Sayen Kofi

Kofuna ɗari biyu a jere a kan kanta, masu leƙa shafinta na intanet kuwa mutum bakwai a mako. Abin da ya sa Maginiya, mai gina kofunan yumɓu, ta yarda da shawarar ƙanwarta ke nan.

"Yaya, hoton kofi ba ya motsi," in ji ƙanwar. "Ki bar mutane su ga hannunki cikin yumɓu."

Ta kafa mata kyamara a ɗakin aiki, ta haɗa da shafin yadda kowa zai kalla kai tsaye. Ta gwada a wayarta, ta gwada a tsohuwar wayar da ake jingina wa Baba, mahaifinsu, a gefen gado don ɗebe kewa, ta ga komai daidai, ta koma gidan mijinta tana yabon kanta.

Dabarar ta ci. Bakwai suka zama ɗari uku. Ashe mutane na iya barin aikinsu su zuba wa laka ido tana juyawa.

Baba ne ya gina ɗakin aikin da tanderun gas ɗin da ke ciki, bango ɗaya da ɗakin kwanansa. A zamaninsa ko ma'aunin zafi ba ya dubawa, da kunne yake sanin halin wuta. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya ɗauke. Likita ya ce kada a sa rai yana gane abin da ake ciki. Maginiya kan ba shi abinci, ta gyara masa kwanciya, ta ja ƙofa ta koma aiki.

A mako na uku saƙon farko ya shigo, daga wani baƙo marar suna marar hoto: "yatsa yayi kasa". Ta duba, babban yatsanta kuwa ya yi ƙasa, bakin kofin ya karkace. Ta yi dariya, ta ce an samu malami.

Bayan kwana biyu ta ɓatar da makullin kabad ɗin fenti. Ta birkice ɗakin tana faɗa ita kaɗai, tun kafin ta kunna kyamara. Da ta kunna, aka jima, sai ga saƙo: "bayan buhu". Ta ɗaga buhun yumɓu. Makulli yana nan.

Daga ranar dariya ta ƙare. Ta liƙe taga da takarda, ta canja kwaɗon ƙofar gida, ta riƙa yi wa mai kawo gas kallon ɓarawo har bawan Allah ya tsargu. Duk a banza. Wata safiya tsoro ya ci ƙarfinta ta zauna ta yi kuka, kyamara a kashe. Da rana saƙo ya zo: "naji kukanki".

Ta rubuta: "Wane ne kai?" Minti arba'in tana kallon fuskar kwamfuta, yumɓu na bushewa a hannunta. Amsar kalma biyu ce: "ni ne". Ta kife kwamfutar kamar ta taɓa garwashi.

"Ki cire kyamarar kawai," in ji ƙanwarta a waya.

"In cire mu koma mutum bakwai? Kuma wanda ya ji kukana ai ba ta kyamara ya ji ba."

Ga shi ta riga ta sanar a shafi cewa ranar Asabar da hantsi za a gasa kofuna a idon kowa. Masu kallo suka haura ɗari biyar. Ta kulle ƙofofi, ta sa takunkumin da ke tare mata ƙura, ta kunna tanderu, ta juya masa baya tana amsa tambayoyi da murmushin dole. Idonta kuwa na neman baƙon nan cikin sunaye.

Can ta waiga ta ga allurar ma'auni tana sauka. Ta ce wa masu kallo su yi haƙuri, wuta ce ta mutu, yanzu za ta sake kunnawa. Ta lalubo ashana. Tsinke na farko ya karye. Ta zaro na biyu, sai kwamfuta ta yi ƙara.

"fita"

Wani saƙon ya sake faɗowa, da saurin da bai taɓa yi ba: "fita yanzu".

Baƙon yana cikin gidan ke nan. Abin da ya zo mata ke nan, sai kuma ta tuna da tsohon da ko ihu ba zai iya ba. Ta yar da ashana, ta yi waje da gudu, ta faɗa ɗakin Baba, ta murza makulli, ta jingina da ƙofa tana haki. Ta fizge takunkumin don ta samu numfashi.

A nan warin ya buge ta. Gas ne, mai kauri, yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Da ta ƙyasta tsinken nan na biyu, da mutum ɗari biyar sun kalli ƙarshenta kai tsaye.

Ta juya wajen gado. Baba ya jiƙe sharkaf da gumi, ya karkato har ya kusa faɗowa, kunnensa manne da bango. Yatsansa ɗaya da ya rage da rai yana karkarwa a kan tsohuwar wayar, yana neman harafin ƙarshe na saƙon da bai kai ga aikawa ba: "kashe gas yat".