Mai Sauraron Ranar Lahadi

Saƙon ya shigo ranar Lahadi, kamar kullum, ya kuma fara da gaisuwa, kamar kullum. "Sannunku da aiki. Na ga sanarwarku. Don Allah kada ku rufe tsohuwar ƙofar. Ni ce, wata mai sauraro."

Jijoho ya karanta shi sau uku a kan babur ɗin haya, a hanyarsa ta zuwa ofis washegari.

Su biyar ne a Kwatano suke kula da manhajar da ke karanta wa makafi rubutu da harshen Fon. Kyauta ce, a buɗe take ga duk mai son gyara, ba mai biyan su. Shekara huɗu ke nan da suka sabunta ta, da sabuwar murya ta inji mai fita tar. Amma sun bar tsohon rumbun manhajar a intanet a kunne saboda kwamfutocin da ke kan tsohon tsari, wanda kamfanin da ya yi shi ma ya daina waiwayarsa. Can tsohuwar muryar take, asalin faifanta kuwa ambaliya ta cinye. A ofis ba wanda ya ƙara kunna ta. Kowa da dalilinsa.

Watan jiya ɓarayin intanet suka shigo ta tsohuwar ƙofar, wato hanyar shiga rumbun, suka shuka ɓarna a ciki. Al'adar ƙungiyar ita ce a ba da sanarwar kwana talatin, duk mai amfani da abin ya yi magana. Kwana talatin suka cika. Mutum ɗaya ce ta yi magana.

"Mutum ɗaya!" in ji Bidosesi, mafi surutu a cikinsu, bakinsa cike da soyayyar doya. "Fofo Jijoho, yayanmu, saboda tsohuwa ɗaya za mu bar mutum dubu tara a hannun ɓarayi? A ba ni adireshinta, in kai mata kwamfutar ƙanwata, har da buhun gari."

"Ba ta taɓa ba da adireshi ba," in ji Jijoho.

"To aljana ce. Aljanu ba sa kaɗa ƙuri'a."

Aka yi dariya, ban da Senami.

Senami ce ke ɗauke da tsohon rumbun ita kaɗai, tun rasuwar mijinta Vinyon, wanda ya kafa ƙungiyar. Duk ƙorafin da mai sauraron ta aiko ranar Lahadi, kafin azahar ɗin Litinin ta gyara shi, sai ka ce ta san ciwon tun kafin a faɗa. Ta rame. Idanunta sun faɗa. Kowa na yaba mata cewa ta yi haƙuri, ta warke, ita kuma sai ta yi murmushi ta mai da kai ga aiki.

Jijoho ya daɗe yana kallon wannan murmushi. Shekara biyu yana ajiye mata kujerar da ke kusa da fanka, bai taɓa furta komai ba.

Aka kaɗa ƙuri'a. Biyu suka ce a rufe, ɗaya ya ce a bari. Senami ta ce a tsallake ta.

"Dada Senami, ke ce fa kike shan wahalar," in ji Bidosesi.

"Ban yi kuka da ita ba."

Saura Jijoho. Idan ya ce a bari, an yi kunnen doki, ƙofa ta zauna. Ya tuna makauniyar da bai taɓa gani ba, zaune a wani ƙauye gaban kwamfuta mai tari. Sannan ya dubi wuyan hannun Senami, inda agogonta ke zamewa har tsakiyar damtse. Ya ce a rufe, a kuma goge rumbun ƙarƙaf, kada ɓarnar ta bi su. Da hannunsa ya saita lokacin: Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma.

Senami ta kashe kwamfutarta, ta ce musu sai gobe.

Satin nan abinci bai yi masa daɗi ba. Ya rubuta wa mai sauraron wasiƙar ban haƙuri, ya ce su za su kawo mata sabuwar kwamfuta duk inda take. Ba amsa.

Ranar Lahadi ya sayi abarba biyu, ya sa riga mai guga, ya nufi unguwar Akpakpa, gidan Senami, cikin ruwan sama. Zai gaya wa Senami cewa don ta huta ya yi. Idan zuciyarsa ta yarda, zai gaya mata sauran.

Ƙofar falonta a sakaye take. Ya ɗaga hannu zai buga, sai ya ji muryar namiji a ciki, ƙasa-ƙasa, ruwa a kan kwano yana danne ta.

"Senami, kin ci abinci kuwa? Kin sake ramewa."

Ta yi dariya, irin wadda bai taɓa ji daga bakinta ba. Hannunsa ya sauko a hankali. Ashe akwai wani. Ya ajiye abarbar a bakin ƙofa, ya juya zai tafi.

"Kada ki damu," in ji muryar. "Ina nan tare da..."

Shiru. Wayarsa ta yi motsi a aljihu: ƙarfe huɗu, an goge.

Ya leƙa ta labulen. Ba kowa a falon sai Senami, gaban wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaton baya, tana buga jimla ɗaya, tana danna maɓalli, tana sake bugawa. Sai a lokacin kunnensa ya gane muryar: ta Vinyon ce, tsohuwar muryar rumbun, wadda shi da marigayin suka ɗauka a ɗakin girkin gidan nan shekara tara da suka wuce. Ashe Senami ce mai sauraron ranar Lahadi.