Mai Ba da Bayani na Uku

Ga misali ga mai shirin aika bincikensa mujalla, wanda yake ɗaukar duk abin da edita ya rubuto tamkar hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

An yi wani malamin jami'a da ya shekara tara a matsayi ɗaya, saura maƙala guda a yi masa ƙarin girma. Sai ya ɗauki bincike a kan ƙananan maɗaba'un cikin gari, waɗanda suka buga littattafan addu'a da na koyon karatu kafin kwamfuta ta zo ta tashe su. Ya bi ɗakunan karatu bai sami abin kirki ba, don masu maɗaba'a sun buga tarihin kowa, nasu ne kawai ba su sami sukuni ba. Daga ƙarshe aka kwatanta masa wani tsoho a bayan kasuwa, wanda ya shekara arba'in yana jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya, yanzu yana sayar da ambulan a gefen injin da ya yi tsatsa. Wata bakwai malamin yana zarya. Tsohon ya buɗe masa akwatin ƙarfe cike da shafukan gwaji, ya faɗa masa wane littafi aka buga a wace shekara, da wanda ya kawo rubutun a naɗe cikin rawani. Har ya nuna masa yadda mai jera haruffa ke karanta shafi a juye, ƙasa a sama, domin kuwa haka haruffa suke kwanciya a faranti. Ran ƙarshe malamin ya miƙa masa na goro, tsohon ya ture hannun. Ya ce, "Dakta, riƙe abinka. Na jera sunayen mutane sun fi dubu, har da waɗanda ba su iya rubuta wasiƙa ba. Nawa ban taɓa ganinsa a buge ba. In ka tashi, ka sa shi, ko a gindin shafi ne." Malamin ya ce, "Haba Baba, ai wannan ƙaramin abu ne." Kuma bai yi ƙarya ba, ƙaramin abu ne.

Ya rubuta maƙalarsa, jigonta kuwa shi ne cewa tarihin littafi ya manta da hannayen da suka buga shi. Ya aika wa wata mujalla mai daraja. Wata goma shiru, wanda a wannan harka ba a kiransa jinkiri. Sannan amsa ta zo. Masu tantancewa biyu, waɗanda su ma ba a faɗin sunansu, sun yaba, sai dai ɗaya ya ce zai kyautu a ɓoye sunayen waɗanda aka yi hira da su, don kare su, kamar yadda aka saba. Saura mako uku kwamitin ƙarin girma ya rufe karɓar takardu. Malamin ya san wasiƙa mai layi uku zuwa ga edita ta isa: mutumin nan da bakinsa ya roƙi a sa sunansa. Har ya fara rubuta wasiƙar. Sai ya hango maƙalar ta koma hannun masu tantancewa ta sake kwana wata goma, ya goge. Wuri talatin da ɗaya sunan tsohon ya fito, duk ya mayar da su "Mai ba da bayani na uku". Kwamfuta ta gama aikin kafin shayinsa ya huce. Ya ce a ransa, in ya zo mayar da binciken littafi sai ya gyara. Maƙala ta fito, girma ya zo. Daga baya ya haɗu da editan a wani taro, ya ɗan koka cikin raha. Editan ya ce, "Ai shawara ce, ba sharaɗi ba. Da ka yi magana, da mun bar shi."

Sai da malamin ya yi wata uku yana kewaye hanyar kasuwa kafin ya kai wa tsohon mujallar. Ya shirya dabararsa: da Turanci take, zai buɗe ta daga nasa ɓangaren teburin yadda rubutun zai zo wa tsohon a juye, ya yi bayani da baki, ya rufe. Ya manta da abin da aka koya masa. Yana cikin bayani, idon tsohon na bin layukan a juye, shafi bayan shafi. Ya ga shekarun da ya faɗa, ya ga littattafan da ya jera da hannunsa, kowanne da lamba uku a gefensa. Da aka kai ƙarshe ya shafa takardar da babban yatsa, ya ce, "Aiki ya yi tsabta, ba harafi ɗaya a karkace. Wannan na ukun kuwa, da gani ya san aiki. In kun haɗu ka gaishe shi." Ya juya ya ci gaba da shirya ambulansa.

Littafin da za a gyara sunan a ciki yana nan tafe, in ji malamin, wanda yanzu farfesa ne. Tsohon dai bai jira ba, an kai shi makwancinsa damina biyu da suka wuce. In ka ga ban ambaci sunansa ba, ba rowa ba ce: na duba inda ya kamata a same shi, ba ya nan. Da ma Hausawa sun ce, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.