Marinin da Ya Daina Nishi

Shekara tara wani marini ya yi yana fama da ciwon baya, wanda ɗaga jiƙaƙƙun zannuwa daga ramin shuni ya jawo masa. In ya sunkuya nishi, in ya miƙe nishi. Saboda nishin nan 'ya'yansa biyu suka karɓe masa aikin karofi, matarsa kuma kowace safiya takan gasa masa bayan da ruwan zafi.

A shekara ta goma aka haɗa shi a asibiti da masu ciwon gwiwa da wuya da ƙugu, wata ma'aikaciya ta koya musu zama shiru. Ta ce kowa ya bi numfashinsa yana shiga yana fita, ya dubi ciwon a inda yake, kada ya yi kokawa da shi. Ta kuma gaya musu tun farko cewa wannan ba ya warkarwa, fargaba kawai yake ragewa. Marini mutum ne da ya saba zaman jiran shuni ya kama, don haka ya fi kowa iyawa. Ya gano cewa ciwon da yake zaton ya cinye bayansa duka bai fi faɗin tafin hannu ba, can ƙasa ta hagu. Ciwon bai ragu ko da ƙwayar gero ba. Nishin ne ya tafi, fuskarsa ta saki.

Kafin wata uku matarsa ta daina ɗora ruwa. Babban ɗan ya ce, "Baba, tunda Allah ya ba ka sauƙi, mu za mu je kudu neman na kanmu." Ya ce musu ciwon na nan yadda yake. Suka dubi fuskarsa, suka yi dariya, suka ce tsoho ba ya son su yi nisa ne. Suka tafi.

Ranar da ya koma karofi ya sunkuya ya jawo zanen farko, abin ya soke shi har idonsa ya kawo ruwa. Ya saki nishi mai ƙarfi. Marinin da ke ramin kusa ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Haba Malam, ai kowa ya san ka warke." Ya ja numfashi a hankali, ya sake sunkuyawa.

Shi ya sa ake cewa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.