Kwaɗon Akwatin Dama

Sau uku Bu Warsini, wato Uwargida Warsini, ta wanke tsakuwar kafin ta shimfiɗa ta a gindin akwatunan gilashin. Akwatuna biyu ne, girmansu ɗaya. Ta jera su a ɗakin baya inda rana ba ta bugawa, ta cika su da ruwan rijiyar da ya kwana a bokiti, ta kifa ɓarin tukunya a kowanne don maɓoya. Shekara talatin ta yi tana koyar da kimiyya a garin Klaten kafin ta yi ritaya, kuma har yau ba ta yin abu da ka.

A kasuwar masu kifin ado ta sayo kwaɗin, farare biyu masu jajayen idanu, irin waɗanda ba sa fitowa tudu.

"Ki rufe saman da raga, Bu, tsalle gare su," in ji Mas Tukijan, mai rumfar. "Kuma ko ƙamshin sabulu kada ya taɓa ruwan. Da fata suke shan komai."

"Komai?"

"Abin da ya shiga ruwa ya shiga jikinsu."

"In kaɗan-kaɗan ne fa, yadda ido ba zai gani ba? Kwana nawa za su yi?"

Ya dubi fuskarta, ya dubi jakar da ke hannunta. "Kiwo za ki yi, Bu, ko miya?" Ba ta yi dariya ba, shi ma sai ya haɗiye tasa.

Mijinta, Pak Darmaji, ya leƙo tana sakin su a ruwa. Dik yake kiranta, wato ƙanwa, ita kuma tana ce masa Mas, wato yaya. "Dik, mutane na kiwon tsuntsu, ke kin kwaso kwaɗi. Me ya sa kika raba su? Faɗa suka yi?"

"Kowa da ɗakinsa ya fi, Mas."

Shekara shida ke nan da aurensu, bayan rasuwar mijinta na fari, kuma duk unguwar da shi ake kwatance. Tun da ƙarfinta ya fara raguwa, shi ke shara, shi ke ɗaukar ta a babur zuwa asibiti, shi ke tsayawa a bakin ƙofa ya karɓar mata jamu, tsimin gangamau da tsamiya, a wurin Mbok Sarinem mai yawo da kwalabe a kwando. Sau ɗaya tak suka taɓa ɗaga murya, a kan gonar shinkafarta da sabon titi ya ratsa ta gefe, wadda ta ƙi sayarwa. Bai sake tayar da zancen ba. Ita kuwa ba ta manta ba. Yanzu in yana cin abinci, ƙeyarsa take kallo ba ta ko ƙiftawa.

Kwana uku ta bar kwaɗin suka saba da wuri. Tana ba su tsutsa, suna cusa ta a baki da hannu bibbiyu kamar yara masu haɗama. Sai da ta tabbata dukansu lafiyayyu ne.

A rana ta huɗu, da Pak Darmaji ya tafi sallar azahar, ta kulle ɗakin, ta sa safar hannu. Ta jawo kwalabe biyu daga bayan buhun shinkafa, kowacce da ruwa rawaya mai kauri. Ta zuƙa da sirinji. Ɗigo biyar daga kwalba ta farko a akwatin hagu, ɗigo biyar daga ta biyu a na dama.

Mako guda ta ɗibar wa kanta. In ya cika, tsakanin ita da shi ɗaya ba zai ƙara kwana a gidan nan ba.

Kullum sai ta canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ta sake ɗigawa. Kwaɗon hagu yana iyo, yana saɓule tsohuwar fatarsa yana cinyewa. Na dama ya fara ƙin tsutsa a kwana na uku da fara ɗigon. A na biyar cikinsa ya yi ja, ya lafe a ƙarƙashin ɓarin tukunya, ƙafarsa ɗaya tana fizga.

"Yaya 'ya'yan naki?" Pak Darmaji ya tambaya ta bayan ƙofa.

"Suna nan, Mas."

"Ke ma kin ɗan murmure kwanan nan, Dik." Ya daɗe a tsaye kafin ta ji takunsa ya yi gaba.

Da safiyar kwana na shida ta tarar da na dama a saman ruwa, ciki sama. Ta zauna a ƙasa, ta jingina da buhun shinkafa. Ta so a ce duka biyun sun mutu, ko duka sun rayu.

Ta naɗe gawar a leda, ta sa a jaka tare da kwalaben da takardun gonar. Mai ran kuma ta juye shi a robar ruwa mai murfi, ta huhhuda saman.

"Zan je garin Solo, Mas, wurin wata tsohuwar ɗalibata da ke aikin gwaje-gwaje."

"Bari in fito da babur."

"Bas zan hau."

Ba ta waiwayo ba har ta shiga motar. Sai da suka wuce gonakin rake ta buɗe jakar ta dubi kwalaben. Duka biyun jamun Mbok Sarinem ne. Na farko ita ta saya da hannunta a bakin titi, na biyu kuwa shi ne wanda mijinta ke kawo mata har bakin gado kowace safiya, wanda take juyewa a kwalba maimakon ta sha.