Katakon Gajere

Sakinatu ta tsallake kududdufin da ke bakin rumfar aiki da kwanon tuwo a ka, tana mita kan ruwan da aka kwana ana tafkawa. Rufin ya yi yoyo, ƙasan rumfar ya jiƙe sharkaf. Tun daga kasuwar tattasai take jin injin mijinta Bunu yana ƙas, ƙas, ƙas.

Injin nan shi ne abin kallon Diffa a daminar 2002. Wani ɗan kwangila ya sayo shi na hannu daga Najeriya, don ƙera ragar rodi da ake shimfiɗawa a zuba siminti a magudanan ban-ruwa na bakin Komadugu. A jera masa rodi a miƙe da a gicciye, haƙoran tagulla su sauko su cije, tartsatsi ya tashi, raga ta fito kamar tabarma. Shan kuran kuwa, wato wutar lantarki, in ya tashi sai fitilun unguwa su dushe.

Gajere ne ya fara riƙe injin. Mutum ne mai faɗin kafaɗa da mugunyar in'ina, kafin ya fitar da kalma ɗaya ka gama shan shayinka. Patoron, wato ɗan kwangilar, ya gaji da jiran bayaninsa, ya mai da shi yankan rodi, ya ɗora Bunu a gurbinsa. Tun ranar ba su ƙara gaisawa ba. Ranar Talata har suka ba hammata iska, kuma Gajere, da ikon Allah, ya furta kalma huɗu garau a gaban kowa: "Sai na karya ka."

Sakinatu ta tsane shi. Ba ta ɓoyewa.

Tana sa ƙafa a rumfar ta hango Bunu ta baya, tsaye a bakin injin, hannuwansa biyu kan raga. Sauran ma'aikata sun tafi sallar azahar. Sai ga Gajere ya fito daga gefe a guje, ido jajir. Ya tsallake tarin rodi, ya fizgi wani katako mai kauri daga kan tebur, ya ɗaga shi sama.

Tim! A kafaɗar Bunu.

Kwanon tuwo ya tarwatse a ƙasa. Bunu bai juyo ba, bai kare kansa ba, jikinsa sai ɓari yake. Wayyo, bugun farko ya gigita shi!

"Malam!" Sakinatu ta kwarma ihu, ta ruga za ta rungumo mijinta.

Gajere ya juyo da katakon ya doke ta a ƙirji. Ta yi baya ta zube cikin caɓi, numfashinta ya ɗauke.

"K-k-kar ki taɓa shi!"

Ji ɗan banza! Ko taɓa shi ma ba zai bari a yi ba. Tana kwance tana kallo ya sake ɗaga katakon, ya sauke shi kan hannuwan Bunu da iya ƙarfinsa. Ta ji ƙarar ƙashi. Bugu na uku ya same shi a haƙarƙari, ya yi jifa da shi can kan tarin rodi. Kansa ya fashe, jini ya bi ruwan ƙasa.

Gajere ya yar da katakon ya ruga bangon baya. Injin ya yi tsit. Cikin wannan tsit ɗin muryar Sakinatu ta cika unguwa.

"Jama'a, ya kashe shi! Gajere ya kashe mini miji! Ga shi can zai gudu!"

'Yan dako da ke loda buhunan tattasai suka yar da kaya suka kwararo ciki. Suka ga mutum kwance cikin jini, ga mace cikin laka tana nuni. Wa zai tsaya tambaya? A jikin bango suka ritsa shi. Gajere ya ɗaga hannu, bakinsa na motsi.

"Ku-ku-ku..."

"Ku me? Don ubanka!" in ji wani, ya kai masa naushi.

Sakinatu ta rarrafa ta lalubo guntun rodi, irin wanda Gajeren ya yanka da hannunsa. Ta kutsa tsakanin maza. Yana ganinta ya juyo gare ta, yana ta kokawa da harshensa. Ta ɗaga ƙarfen da hannu biyu ta sauke masa a baki. Haƙora suka zube. Daga nan kowa ya ɗauki abin da ya samu, kuma rumfar rodi ba ta rasa abin duka. Kafin jandarmomi su iso, ba mai iya gane fuskarsa.

Mota ɗaya ta kwashe su zuwa asibiti. Bunu na numfashi da ƙyar. Aka ɗinke kansa, aka ɗaure karaya, aka naɗe masa tafin hannu biyu da bandeji har yatsu. Sakinatu ta dubi hannuwan ta cije leɓe. Mugu, ko tafin da ake neman abinci da shi bai bari ba.

Da la'asar wani jandarma ya leƙo ya ce Gajere ya cika.

"Allah ya ƙara," in ji ta. Zuciyarta ta yi sanyi, ba ta ji ko ɗigon tausayi ba.

Kwana biyu tana zaune bakin gado tana kore ƙuda. Ranar Asabar da hantsi Bunu ya buɗe ido. Ta fashe da kukan murna, ta tallafo kansa ta ba shi ruwa.

"Sakina," ya ce a hankali. "Ina Gajere?"

"Kwantar da hankalinka, Malam. Ba zai ƙara kusantarka ba."

Ya dube ta kamar bai gane ba, sa'an nan ya ɗaga naɗaɗɗun hannuwansa.

"Kuran ne ya riƙe ni jikin raga, na kasa saki, na kasa ko ihu. Ba don ya samu busasshen katako ya ɓamɓare ni ba, da ni da duk wanda ya taɓa ni muna kabari. Tashi ki kira mini shi, in roƙe shi gafara."