Ƙyallen da Ke Bindigar Saje

Tun da aka ba manoma izinin rataya bindiga a fili, kowace da 'yar fitilarta a gindi. Koriya take in zuciyar mai ita a kwance, ja in ransa ya ɓaci. Wanda ya iso shingen 'yan sanda da ja, sai a ƙwace, kuma ba mai shiga gona hannu rabbana.

Yau Sallau da ja ya fito, don awakin maƙwabci sun cinye masa wake. Ya zauna wajen mai zoɓon da ke gab da shingen, yana kurɓa yana istigfari, har fitilar ta koma koriya. Sannan ya matsa wajen sajen da ke tsaron shingen a hankali, bakin bindiga a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, barka da aiki."

Sajen ya leƙa fitilar. "Wuce, Baba."

Sallau bai wuce ba. Idonsa na kan bindigar sajen, wadda aka naɗe gindinta da baƙin ƙyalle.

"Yallaɓai, tambaya ce kawai. Taku ma tana da fitila?"

"Tana da ita."

"To yanzu wane launi take?"

Sajen ya yi murmushi, ya ƙara ɗaure ƙyallen.

"Baba, taka fa ta fara canzawa."