Tafiyar Elbert a Majigi

"Ga shi can! Na rantse ɗana ne!"

Wata tsohuwa ta miƙe tsaye cikin sinimar garin tana nuna allo. Wani mutum ne ya ba da baya, yana ratsa gonar auduga.

Virgil, mai bi gari-gari yana ɗaukar jama'a a majigi, ya sunkuyar da kai. Ranar da ya ɗauki mutanen wannan ƙauye na Oklahoma, fim ɗin cikin na'urarsa ya ƙare masa daidai kan Elbert, ɗan tsohuwar nan, yana zaune bisa keken doki. Kunya ta hana shi faɗa, ya yi ta murza na'ura ba komai ciki. Kafin ya dawo nunawa, an binne Elbert. Sai ya yanko wani manomi daga hoton wani gari ya liƙa.

Opal, matar marigayin, ta tare shi a ƙofa.

"Mista Virgil, mijina fa gurgu ne."

"Ki yafe ni, baiwar Allah, ni dai..."

"Koma ka sake sa wa surukata. Tun ranar da cutar shan-inna ta kama shi take roƙon Allah ta ga ɗanta yana tafiya."